Abin da Aka Yi wa Joelle

Lahadi, 9 ga Fabrairu, da hantsi

An sallamo Joelle daga asibiti. Ni na tuƙo motar, mamarta na baya ta rungume kanta a ƙirji. Likita ya ce ƙwaƙwalwa ce ta bugu: ba waya, ba karatu, ba haske. Mun toshe tagar ɗakinta da bargo. Tun shekararmu ta farko a jami'a muke gida ɗaya ni da ita, ban taɓa ganin ta kwance da rana ba.

Ba zan rubuta abin da ya faru jiya ba. Duk wanda ke filin wasan hokin ƙanƙara ya gani da idonsa. Joelle ta juya baya tana ƙoƙarin ciro faifan roba, wanda shi ne ƙwallonmu, daga jikin katanga, sai mai lamba goma sha bakwai ta ƙungiyar 'yan Tudu ta taho a guje. Shi ke nan. Ƙarar ce ta ƙi barin kunnena.

Minti biyu rafali ya ba ta a kejin hukunci. Ta zauna tana shan ruwa, ana fitar da kyaftin ɗinmu a kan gadon ɗaukar marasa lafiya.

Sunanta Brynn Loewen.

Talata, 11 ga Fabrairu, da yamma

Atisaye na farko babu Joelle. Koci Sawatzky ta tara mu a tsakiyar fili, ta ce kowa ta ɗaga kai. Muka ɗaga. Tutocin nasara ne a rataye a rufi, waɗanda muke gani kullum har mun daina ganin su: kofin yanki biyar, na ƙasa ɗaya. Ta ce bana ƙungiyarmu ta 'Yan Dinya ta cika shekara hamsin da kafuwa, kuma babu ko ɗaya daga cikin tutocin nan da aka samo da faɗa. Ta ce mai son ramuwa ta rama a cikin raga.

Ban san dariya ta kuɓuce min ba.

"Marnie Wasylenko, akwai abin dariya ne?"

"Babu, Koci."

"To haɗiye shi."

Na haɗiye. Yana nan a maƙogwarona.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, da rana

Hukumar gasa ta zauna, ta duba hoton wasan. Ta yanke wa Brynn dakatarwar wasa ɗaya. Wasa ɗaya.

Asabar, 15 ga Fabrairu, da yamma

Na je gona wurin Kaka Stefania. Hanya ta toshe da dusar ƙanƙara, sai da maƙwabcinta ya share da tarakta. Na iske ta yi pirogi, dafaffen ƙullin fulawa mai cikon dankali da cuku, ta soya albasa da man shanu. Ba ta tambaye ni komai ba sai da na cinye faranti na farko.

Kaka na cikin 'yan matan da suka kafa ƙungiyarmu. Na ji labarin tun ina ƙarama har na haddace, amma yau na bar ta ta sake. Yadda jami'a ta ce babu lokacin fili na mata sai da asuba, kafin maza su tashi. Yadda suka goge haƙoran takalman rawar ƙanƙara da zarto don su zama na hoki. Rigunan da maza suka yar su suka wanke suka rage, suka ɗaure tsofaffin mujallu a ƙwauri saboda duka. Da aka rushe ƙungiyar a shekarun tamanin, aka ce babu masu kallo, a kan daskararren kududdufin bayan rumbunta suka ci gaba da wasa duk lokacin sanyi, har jami'a ta ji kunya ta dawo da su.

Sai ta ƙara wani abu da ba ta taɓa gaya min ba. A wasan ƙarshe na kofinsu na farko, wata ta sa sanda ta fasa wa golarsu Doreen baki, da gangan, rafali ya kau da kai. Kaka ta ce ba ta yi magana ba. Ta jira har zango na uku, na ƙarshen wasa.

Na ce, "Sai me, Kaka?"

"Sai muka ci kofi." Ta ƙara min pirogi. "Har yau in matar ta hango ni a kanti, sai ta canza layi."

Na ce Koci ta ce a rama a raga. Ta taɓe baki, ta ce Lorraine Sawatzky yarinyar kirki ce, amma a zamanin ƙa'ida ta tashi. Su a lokacinsu ba su san kai ƙara ba, don babu mai saurare.

"Ni dai ban ce ki yi komai ba, 'yar nan. Ci abincinki."

Litinin, 17 ga Fabrairu, da safe

Joelle ta fito kicin da lalube. Na buɗe firiji, hasken ciki ya doki idonta, ta yi amai a kan kwanon wanke-wanke. Tana ba ni haƙuri. Ita ke ba ni haƙuri.

Ta tambaye ni wa ya ci wasan ran Asabar ɗin da aka buge ta. Na ce mu. Muna shan shayi ta sake tambaya. Na ce mu. Ta ce yauwa.

Wannan ita ce wadda ke tuna kowace ƙwallo da ta ci tun tana 'yar shekara bakwai, har da kusurwar ragar. Saura ƙiris ta karya tarihin yawan ci na ƙungiyar, wanda ke tsaye tun shekarar da aka ɗauko kofin ƙasa. Koci har ta sa an tanadi allon da za a rubuta sunanta.

Wasa ɗaya. Brynn ma ta riga ta gama zamansa.

Laraba, 19 ga Fabrairu, da yamma

Na ga Brynn. A shagon kofi na kusa da gada, tana gabana a layi. Ba hular kwano, ba sulke. Ƙarama ce ashe. Ta ɗaure gashi sama, wuyanta siriri kamar na tsuntsu. Na tsaya ina kallon wuyan nan har layi ya matsa ban sani ba.

Ta juyo ta gane ni. Jini ya gudu daga fuskarta. Ta buɗe baki ta rufe, sannan ta ce, "Ya jikin Joelle?"

Na ce kada ta ƙara kama sunan nan a bakinta. A hankali na faɗa, ko mai shagon bai ji ba. Ta fara cewa ƙafarta ce ta zame, ba ta iya tsayawa ba, ta rubuta saƙo ba a amsa ba. Na ce ta adana bayaninta, za mu haɗu.

Ta fita ba ta karɓi kofinta ba. Ni na shanye nawa har ƙasa, kuma ya yi min daɗi.

Zamewa. Na kalli hoton wasan har idona ya yi ja. Babu ƙafar da ta zame.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, da rana

Ina jin an ce wanda ya yi maka kan kara, ka yi masa na itace. Ni ba na son ƙari. Daidai abin da aka ba mu nake so in mayar.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, da yamma

Mun tsallake wasan kusa da na ƙarshe. Ban yi wasa mai kyau irin na makon nan ba tun da na zo jami'a, ba wadda ta wuce ta gefena. Muna cikin bas muna dawowa labari ya zo cewa 'yan Tudu ma sun ci nasu. Wasa uku za a yi da su, wanda ya ci biyu ya ɗauki kofi ya tafi gasar ƙasa.

'Yan mata suka kaure da waƙa. Ni na jingina da taga na ce Allah ya kawo ta.

Talata, 25 ga Fabrairu, da rana

Mun koma wurin likitan ƙwaƙwalwa. Na jira a waje. Da suka fito, mamar Joelle tana share hawaye, ita kuwa fuskarta a sake, da baƙin tabarau. A mota ta gaya min kamar tana faɗin farashin burodi: wannan ne bugu na uku, likita ya ce ba ita ba hoki har abada. Gayyatar da aka yi mata zuwa sansanin 'yan wasan Kanada ta bi ruwa. Digirinta ma sai an ɗaga zuwa baɗi.

Na riƙe sitiyari har yatsuna suka yi fari.

Ta ce, "Marnie, ko da tabarau ina ganin idon nan naki."

Na ce wane ido.

"Na ranar da kika bi yaron nan da ya sace kekena har gidan uwarsa. Ki ciyo min kofi, ƙawata. Shi kaɗai nake so."

Na ce to.

Na ce to, kuma da gaske nake, zan ciyo mata kofi. Ban ce shi kaɗai ba.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, da yamma

Walimar cika shekara hamsin. An jera hotuna a zauren fili tun daga marasa launi. Takalman Kaka na cikin akwatin gilashi, da alamar zarto a bakinsu. Tsofaffin 'yan wasa sun zo daga ko'ina, wasu da sanda, wasu da jikoki. Doreen gola ta zo, ta ciro haƙoranta na roba ta nuna wa 'yan shekarar farko, suka yi ta ihu. Wata ta tsaya ta karanta tarihi: shekarun kududdufi, kofi biyu a jere bayan dawowa, ranar da aka doke zakarun gabas a ƙarin lokaci aka kawo kofin ƙasa, garin nan ya fito tarya cikin sanyin da ke daskarar da gashin hanci. An faɗi waɗanda suka zama likitoci, da lauyoyi, da huɗun da suka sa rigar ƙasa. An yi tafi. An ambaci Joelle Desrosiers, aka yi tafi mai tsawo, kamar ta mutu.

Ni duk lokacin ina tunanin kusurwar hagu ta bayan ragarmu. A nan Brynn ke son shiga da faifai. Tana sunkuyar da kai in ta shiga.

Koci ta ja ni gefe wajen teburin kek. Ta ce ta horar da 'yan baya da yawa, ba ta ga wadda ta fi ni karanta wasa ba. Ta ce wannan ce shekarata ta ƙarshe, kuma ba kowa ke samun zuwa gasar ƙasa ba, ita kanta ba ta samu ba.

"In kika yi abin da nake gani a fuskarki, ba zan tsaya miki ba. Kin ji ni?"

"Na ji, Koci."

Daga can nesa Kaka ta ɗaga min kofin shayinta.

Asabar, 1 ga Maris, da safe

Mun ci na farko. Brynn ta shigo kusurwata, ta sake shigowa. Ban taɓa ta ba. Ina jin numfashinta ta cikin ragar hular, tana sauri ta rabu da faifan tun kafin in iso. Tsoro take ji. Bari ta ji.

Lahadi, 2 ga Maris, da hantsi

Sun ci na biyu. Brynn ce ta jefa ƙwallon ƙarshe. Ta ɗaga sanda sama, 'yan'uwanta suka rufe ta. Tsoron ya sake ta ke nan.

Joelle ta saurara a rediyo, an rage murya ƙasa-ƙasa, ta kasa kaiwa ƙarshe saboda ciwon kai. Da safen nan ta ɗaura min tef a sandata da kanta, ido a rufe, yadda ta saba yi kafin kowane babban wasa. Ta ce hannunta bai manta ba.

Da rana za a yi na uku.

Litinin, 3 ga Maris, da rana

Mun ci kofi.

Ko in ce 'yan'uwana sun ci kofi. Ta bango na ji, ina ɗakin sauya kaya ni kaɗai, da takalma a ƙafata. In aka jefa ƙwallo ginin gaba ɗaya yana rawa, ƙura na zubowa daga bututun rufi. Da haka na gane. Minti biyar suka yi da mutum huɗu a kan biyar saboda an kore ni, ba a ci su ba, sannan wata 'yar shekarar farko ta jefa ta nasara.

Ba zan rubuta zango na uku ba. An ɗauka a hoto, mai so ya kalla. Brynn ta sunkuyar da kai kamar yadda na sani. Ina da lokacin tsayawa, ban tsaya ba. Ƙafata ba ta zame ba.

Ƙarar iri ɗaya ce. Na ɗauka za ta bambanta.

Filin ya yi tsit, har ina jin ƙugin injin sanyi. Rafali bai ma yi min magana ba, ƙofa kawai ya nuna min. Da na wuce ta gaban benci ba wadda ta buga min sanda don jinjina. Na duba wurin da tsofaffin 'yan wasa suka zauna. Doreen ta rufe baki da hannu. Kaka tana kallon ƙanƙara, inda ake durƙushe.

Da suka shigo da kofin, wasu suka rungume ni, wasu suka zagaye ni kamar kujera. Koci ta miƙa wa kowa lambar yabo a hannu. Tawa ta ajiye a kan benci.

Ba na nadama.

Laraba, 5 ga Maris, da yamma

Hukuma ta zauna. Wannan karon ba su ɓata lokaci ba: an dakatar da ni har ƙarshen kaka, ba gasar ƙasa. Tunda shekarata ta ƙarshe ce, ma'anarsa na gama. Na tambaye su yadda aka yi abu ɗaya ya zama wasa ɗaya a wurin wata, ya zama rayuwa a wurina. Shugaban ya ce tata ana iya cewa kuskure ne, tawa kuwa na yi taku daga tsakiyar fili. Koci na zaune kusa da ni. Ta cika alkawarinta, ba ta ce uffan ba.

An ce ƙashin wuyan Brynn na wajen kafaɗa ya karye, kai ma ya bugu. An ce tana iya motsa yatsunta duka. Ban tambaya ba, gaya min aka yi.

Kaka ta bugo waya. Ta yi ta zancen injin ɗumama gida da ya lalace, da kyanwar da ta haihu a rumbu. Har za ta ajiye, sai ta ce, "Waccan da na rama wa Doreen a kanta, ta tashi da ƙafarta. Leɓe kawai ya fashe." Na ce na sani. Ta ce a'a, ban sani ba, ita ce ba ta faɗa min ba. Sai ta ajiye wayar.

Ba na nadama. Joelle ba za ta ƙara sa takalmi ba. Wannan bai canza ba.

Juma'a, 7 ga Maris, da safe

Joelle ba ta yi min magana ba tun Lahadi. Na kawo mata lambar yabon, na ajiye a bakin ƙofarta. Tana nan inda na bar ta.

Lahadi, 9 ga Maris, da rana

An ce sunana zai hau tutar kofin yanki ta shida tare da na kowa, tunda na buga kakar. Wata tsohuwar 'yar wasa ta nemi a cire. Su cire. Su cire in sun ga dama.

Talata, 11 ga Maris, da yamma

Yau da safe bas ya tafi filin jirgi da 'yan mata, za su gasar ƙasa. Ban je rakiya ba.

Mamar Joelle ta koma aiki, don haka ni ce mai kai ta asibiti, ko tana so ko ba ta so. Ba mu yi magana a hanya ba. Na riƙe mata hannu a kan ƙanƙarar bakin ƙofa, ta bari, don dole.

Ɗakin jiran masu ciwon kai ba shi da haske sosai, an rage fitilu, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Ya cika. Joelle ta samu kujera, ta ɗora jakarta a kan ta kusa. Ni na tsaya jikin bango.

Garin nan likitan ƙwaƙwalwa ɗaya ne da 'yan wasa ke gani. Ya kamata in yi tunanin haka.

Brynn ta shigo da babanta, wani dogon manomi mai hula a hannu. An rataye mata hannu a wuya, da baƙin tabarau irin na Joelle sak. Tana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da ruwa a ka. Baban ya gane ni. Na ga muƙamuƙinsa ya motsa, sai ya shiga neman inda 'yarsa za ta zauna. Babu.

Joelle ta ɗauke jakarta ta ɗora a cinya.

Brynn ta daɗe a tsaye, sannan ta zauna. Can Joelle ta ce mata, ba tare da ta juya ba, makon farko ne ya fi muni, ta guji hasken firiji, kuma shayin citta na rage tashin zuciya. Brynn ta ce ta gode. Ta fara cewa wani abu game da ranar nan, Joelle ta ce ba yanzu ba, kanta ba zai ɗauka ba.

Sai Brynn ta ɗago tabarau wajena. Ban ga idonta ba.

"Ya isa haka?" ta ce. Ba da gatse ba. Tambaya ce take son amsarta.

Na shirya mata maganganu tun watan jiya, a mota, a wanka, a kan benci. Na buɗe baki. Ina jin zan ce bai isa ba. Ina jin zan ce ya isa. Ban san wanne ke fitowa ba, Joelle ta riga ni.

"Marnie, tsayuwarki a kanmu na ƙara mana ciwon kai. Je ki jira a mota."

Na fita. Na zauna a mota ban kunna injin ba, har gilashi ya yi farin hazo da numfashina. Da ta fito, baban Brynn ne ya riƙo mata hannu a kan ƙanƙarar, ya kawo ta har ƙofa, ya buɗe mata, ya rufe a hankali don kada ƙarar ta dame ta.